Kukumar Baba Tanimu a Zauren Shiru

Tun da muka dawo daga Dubai ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tasha sai wani ya matso: "Lawandi, wai da gaske ne a tsaye aka yi wa Baba Tanimu tafi?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa, wai shin gaskiya ne jirgin ƙasansu ba shi da direba. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda na ba shi sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Jiya ma na ji ana cewa Larabawa sun ba mu raƙumi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya tambaye ni in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san mu ba, Baba Tanimu mai kukuma ne a Kazaure, ni kuma mai kalangunsa ne tun ina saurayi, yau ga furfura a gemuna. A gidansa na girma, shi ya yi mini aure. Yadda aka yi Dubai ta san da zamanmu kuwa, wani ne ya ɗauki Baba a waya a wajen biki, hoton ya yi ta yawo har ya faɗa hannun mutumin da ke jagorantar babbar ƙungiyar kiɗa ta ƙasar can, irin wadda suke kira okestira. Suna shirya wasa tare da makaɗan wasu ƙasashe, mutumin ya ce shi dai a nemo masa wannan tsoho. Aka dace da wani ɗan garinmu, Nasiru, mai aiki a kamfanin kwantena a Jebel Ali, tashar jiragen ruwa ta Dubai. Shi ya yi ta kai-komo a waya har biza ta fito. Kujera biyu aka ba mu a jirgi, ta Baba da ta mai rakiya. Kalangu kuwa aka ce babu wurinsa a kiɗan, in bar shi a gida.

Kowa yana murna ban da ni. Hannun Baba na dama ya daɗe da fara rawa. Ba sosai ba, in kana nesa ba za ka gane ba. Amma in ya ja izgar da yake goga kukumar da ita ja mai tsawo sai sautin ya yi karkarwa, wani lokaci ma ya kuɓuce masa. Ni na sani, don ni ke zama jikin gwiwarsa. Da na ji zai kuɓuce sai in matse kalangu in ɗaga murya, 'yan amshi su shigo, mata su ɗauki guɗa, ba wanda ya ji komai. Shi kansa ban ga alamar ya sani ba, ni kuma ba ni da bakin da zan kalli mutumin da ya rene ni in ce masa hannunsa ya tsufa. Ga shi yanzu za a kai shi gaban baƙi ba kalangu.

Ranar tafiya rabin unguwa ta rako mu tasha. Kowa da saƙonsa, wannan waya, wannan turare, wata tsohuwa ta ce in sayo mata dabino na asali, kamar wanda muke ci a nan na roba ne. Motar Kano ta yi faci kafin mu kai Dambatta. Ni na dinga zagaye ina duba rana ina tsaki, Baba kuwa ya samu inuwar darbejiya ya zauna yana cin goro. Ya ce, "Lawandi, jirgin da Allah ya rubuta za mu hau ba zai tashi ya bar mu ba. Zo ka zauna, kana sa ni jiri."

A filin jirgin Kano aka fara rigima. Wani matashi mai rigar aiki ya ce a saka kukumar cikin kaya. Baba ya rungume ta ya ce, "Ɗan nan, kai kana saka 'yarka a buhu ka jefa ta bayan mota?" Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, aka bar shi ya shiga da ita. Da yake Baba ya taɓa zuwa Makka, shi ya zama malamina a jirgi, yana nuna mini yadda ake ɗaure ɗamara kamar shi ya ƙera jirgin. Bai hana ni yage ɗan ƙunshin barkono in juye a shayi ba, ina zaton sukari ne. Na shanye abina don kada ya samu abin faɗa.

Mun ya da zango a Adis Ababa, ga sanyi ga jira. Can muka haɗu da ayarin matanmu 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya. Ɗaya ta ƙura wa Baba ido, sai ta durƙusa ta ce shi ya yi kiɗan bikinta a Dambatta tun tana yarinya.

Baba ya ce, "Auren yana nan?"

Ta ce, "Yana nan, Baba, har da jikoki."

Ya ce, "To, madalla. Kukumata ba ta ƙarya."

A Dubai ma'aikatan shiga ƙasa sanye suke da farar jallabiya tas, ba mai ɗaga murya. Aka ce mu kalli wani gilashi mu ware ido, muka ware. Wajen duba kaya aka tsayar da mu. Ma'aikacin ya zaro ƙullin ƙaron da Baba ke gogawa a izga, ya juya shi, ya sansana, ya dube mu. Ba Hausa a bakinsa, ba Larabci a namu in ban da na salla. Baba kuwa ya miƙa hannu ya karɓi ƙaron, ya goga, ya ɗora kukumar a cinya ya ja sau ɗaya. Fuskar mutumin ta saki nan take. Ya ce, "Rababa!" ya kira abokinsa yana nuna masa. Daga baya Nasiru ya gaya mana su ma kakanninsu suna da irinta, sunanta ke nan. Baba ya miƙa masa goro, ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa, ya ce, "Marhaba, yalla, yalla," yana mana alamar mu wuce.

Nasiru yana jiranmu a waje. Mutum ne da ya manyanta, da iyalinsa, amma a tsakiyar mutanen duniya ya zube ƙasa ya gaida Baba. Wannan ya burge ni. Hausarsa ce dai ta sha ruwan wurare da yawa. "Baba, sannunku da hanya. Kawu Lawandi, kawo jakar. Yalla mu je, kalas, komai an gama, otal ɗinku yana Al Rigga."

Otal ɗin ba a buɗe ƙofarsa da makulli, da kati ake buɗewa. Nasiru ya soka katin a wani rami jikin bango, ya yi mana sallama ya tafi. Ni kuma don tsoron kada ya ɓata na zare shi na sa a aljihu. Ba a jima ba ɗaki ya yi duhu, na'urar sanyi ta tsaya. Baba ya gyara kwanciya ya ce, "Allah sarki, ashe su ma ana ɗauke musu." Muka zauna muna jiran a kawo wuta har sai da mai gyaran ɗaki ta zo ta karɓi katin a hannuna ta mayar. Sanyin da ya dawo kuma ya zame mana wata matsalar, don da gari ya waye fatar kukumar ta saki, muryarta ta dushe kamar mai mura. Kullum da safe sai Baba ya jingine ta jikin taga ta sha rana kafin mu fita.

Al Rigga titi ne da ba ya hutawa, shagunan canji, gidajen abinci, otal jikin otal. Kowace irin fata akwai ta, kuma kana cikin tafiya sai ka ji wani a bayanka yana faɗa a waya da Hausa a kan kargon da bai iso Kano ba. Abin da ya dame ni shi ne cin Baba. An jera abinci a otal kamar walimar gwamna, amma shi daga burodi sai shayi. Ya ce shinkafarsu ƙamshi ya yi mata yawa, kamar an dafa ta da turare.

Da Nasiru ya ji haka sai ya ce zai kai mu wajen Hajiya Mariyama a unguwar Hor Al Anz. Nan na hau jirgin ƙasan da kuke tambaya. E, ba shi da direba, na leƙa da idona. Garin leƙen ne ma na tsinci kaina a taragon mata, sai da wata 'yar Filifin ta nuna mini zanen da ke ƙasa. Baƙo dai makaho ne ko da idonsa.

Hajiya Mariyama 'yar Damagaram ce, Hausarta da ɗan Faransanci a ciki, tana tura abaya da turare gida ta kargo, tana kuma yi wa 'yan gida tuwo a ɗan fulat ɗinta. Tun daga ƙofa za ka ga takalma sun yi tudu. Mace ce mai jiki da murya, in tana yi maka sannu sai ka zaci faɗa take. Da ta ga Baba ta tafa hannu. "Bon, yau gidana ya yi albarka! Ku matsa, ku matsa, ku ba Baba wuri. Kai Nasiru, ka bar tsoho yana cin burodi kamar ɗan makaranta?" Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Baba ya ci har gumi ya tsattsafo masa, ya nemi ƙari. Samarin da ke ɗakin, masu lodi a sito da direbobi da wasu ɗalibai, suka zagaye shi suna tambayar gida. Raina ya yi fari ranar.

Zauren kiɗan kuma, gani ya kori ji. Ciki duk katako ne mai sheƙi, kujeru hawa-hawa har sama, kuma an gina shi yadda in ka yi tari a gaba na can ƙarshe zai ji. Makaɗan sun cika dandali, maza da mata, Larabawa da Turawa da mutanen gabas, kowa da takarda a gabansa. Galibinsu irin kukumar Bature ce a hannunsu, daga ƙarama da ake maƙalewa a wuya har uwarsu da sai an tsaya tsaye ake goga ta. Kafin a fara, wata siririyar sarewa takan yi kuka ɗaya, kowa ya daidaita nasa da ita. Sai jagoran ya fito, wani dogo mai fara'a, da ɗan tsinke a hannu. Mai Sanda muka sa masa.

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ja rigar Nasiru. "Shi wannan me yake kaɗawa?"

Nasiru ya ce, "Mutanen yake kaɗawa, Baba."

Baba ya jinjina kai ya ce, "To, ya fi kowa wahala."

Sun karɓe shi hannu biyu. Wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, wadda ke zama gaba a cikin masu gogen, ta zo ta tsuguna tana duba kukumar. Ta ba shi irin nasu ƙaron, ya ba ta namu, kowa ya goga na ɗan'uwansa suna dariya ba mai jin yaren wani. Baba ba ya karanta takardar kiɗa, don haka suka yi yarjejeniya da Mai Sanda: in ya dube shi ya sunkuyar da kai, ya shigo, in ya buɗe tafin hannu, fili nasa ne. A kwanakin farko wuraren da ake haɗuwa duka kawai aka yi ta maimaitawa, ƙarar mutane da yawa ta rufe komai, na samu sauƙi. Amma akwai wani wuri a tsakiya inda kowa zai yi shiru a bar kukuma ita kaɗai. Mai Sanda ya ce wannan na Baba ne, ba zai koya wa kifi iyo ba, a bar shi sai gwajin ƙarshe. Wurin nan nake tsoro.

Gwajin ƙarshe aka yi shi jajiberin wasa, da rana. An gayyato iyalan makaɗan da ɗaliban makarantu, aka kashe fitilun zaure, aka bar na dandali. A gida makaɗi yana ganin fuskar kowa, kuma tun yana cikin waƙa yake sanin ko an karɓe shi. Wani ya taso ya yi liƙi, wata ta yi guɗa, wani ya yi ihu ya ce a maimaita. Nan kuwa gaba duhu ne kawai. Kiɗa ya tashi, ya yi sama, ya sauko a hankali har ya ɗauke. Mai Sanda ya buɗe wa Baba tafin hannu.

Baba ya ja. Ja na fari lafiya, na biyu sautin ya yi rawa, kuma a zauren nan babu inda rawar za ta ɓuya. Ya ci gaba kaɗan. Ba tari, ba motsi, ba ko gyaran murya. Na ga ya ɗaga kai yana neman fuska a cikin duhun. Sai ya sauke izga a gwiwa, ya ce da ƙarfi, da Hausa, "Jama'a, in na yi laifi a yafe mini." Ya tashi ya rungumi kukumarsa ya fice ta gefen da nake tsaye. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ba don kunya ba, don tausayi.

Mai Sanda ya biyo mu har ɗakin shiri, ya jawo kujera ya zauna ƙasa da Baba. Nasiru yana fassara. Mai Sanda ya ce ba wanda ya ji haushi, shirun nan shi ne girmamawarsu, ba sa son ko numfashinsu ya shiga tsakaninsu da kiɗan, tafi sai an gama.

Baba ya ce, "Gaya masa na gode. Amma a garinmu wuri biyu ake yi wa mutum irin wannan shiru, gaban alƙali da gidan makoki. Kunnena ya ji bayaninsa, hannuna ne bai ji ba. A mai da ni gida."

Mutumin bai yi musu ba. Ya ce gobe za a ajiye kujerar Baba a wurinta. In ya zo, farin cikinsu ne, in bai zo ba, ba wanda zai zarge shi.

A otal Baba ya juya wa ɗaki baya ya kwanta. Da la'asar na bar shi na tafi Hor Al Anz, don Nasiru ya samo wa 'yan gida tikitin kujerun can sama, kuma an roƙe shi ya gaya musu dokokin wurin. Ni na karɓi aikin, da yake haushi na neman inda zai sauka. Na ce ba a makara, in an rufe ƙofa an rufe. Ba waya, ba cin gyaɗa, ba ihu, ba mai tasowa ya ce zai yi liƙi, ba guɗa. Kada wanda ya ja mana abin faɗa.

Hajiya Mariyama ta riƙe haɓa. "Bon, Malam Lawandi, kiɗa za mu je ji ko gawa za mu raka?"

Na ce, "Hajiya, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura."

Ta ce, "Dakor, na ji. Shi Baba yana ina, bai zo cin tuwo ba?"

Nan na gaya mata abin da ya faru, ban dai ce komai a kan hannun ba. Ta zuba tuwo a kula ta ba ni ta ce in kai masa.

Washegari har azahar ban san matsayinmu ba. Na fara tunanin fuskokin mutanen da suka rako mu tasha. Bayan la'asar na fito daga wanka na tarar Baba ya sa babbar rigarsa shuɗiya, yana karya hula a gaban madubi. Ya ce, "Me kake kallo? Sa kayanka. Ba zan koma Kazaure in ce musu shiru ne ya koro ni ba."

Bayan magariba aka fara. Ni ina gefen dandali bayan labule, inda nake ganin makaɗan da ɗan yankin zauren. Wuri ya cika maƙil, fararen jallabiyoyi da baƙaƙen abaya da masu kwat. Kafin a zo kanmu sun yi nasu kiɗan, kuma zan faɗi gaskiya, na raina shi da farko, na ce kiɗan da ba a rawa ai aikin banza ne. Amma akwai inda duk masu gogen suka ja tare a hankali, tsigar jikina ta tashi, na tuna mahaifiyata ba dalili. Wani Balarabe ma ya zo ya kaɗa garayarsu mai ƙaton ciki, ya yi kyau ƙwarai. Sai aka kira Baba.

Ya fita a hankali ya zauna. Kiɗa ya tashi, ya shiga inda ya kamata, komai daidai. Ni dai idona yana kan hannunsa, don na san inda ake dosa. Aka sauko, aka sauko, aka ɗauke. Tafin hannu ya buɗe.

Ya ja, sautin ya yi rawa. Na ji hammatata tana matse kalangun da babu shi. Ya sake ja, ya fi na farko rauni. Kafaɗarsa ta fara sauka, izgar tana neman gwiwa kamar jiya. Na buɗe baki in yi masa kirari, ko me za a yi a yi, amma na fasa, tunda ni ne na kafa wa mutane doka.

Daga can sama, daga kujerun ƙarshe, guɗa ta tsage zauren. Doguwa, mai kaifi, irin ta ranar kai amarya. Ko a mafarki na san muryar Hajiya Mariyama. Kawuna suka juya, na hango ma'aikatan zaure suna hawa da 'yan fitilunsu. Na ce shi ke nan, mun gama yawo. Kafin su isa, sai wata guɗar ta amsa daga ƙasa, daga kujerun manya. Wata tsohuwar Balarabiya ce, ta kare baki da hannu tana yin irin tasu. Ta kusa da ita ta karɓa. Ashe su ma suna yi! Wata 'yar dariya mai daɗi ta ratsa wurin. Mai Sanda bai juya ba, murmushi kawai ya yi, ya ƙara miƙa wa Baba tafin hannunsa.

Baba ya ɗago. Ya gyara zaman kukumar, ya ja da ƙarfi, ya kuma buɗe baki, abin da ba ya cikin shiri. Ya waƙe ta nan take: Mariyama ta Damagaram, mai tuwo a ƙasar da ba a noma dawa. Daga sama na ji samarinmu sun kasa daurewa sun amsa sau ɗaya, sannan suka tuna da dokata suka kame bakinsu.

Shiru ya dawo, irin na jiya sak. A nan ne na ga abin da ban zata ba. Baba bai nemi kowa a cikin duhun ba. Ya rufe ido ya ja izga ja mai tsawo, sautin yana karkarwa a fili kowa yana ji, bai gaggauta ba, bai ɓoye ba, ya bi shi har ƙarshensa. Ya sake ja. Ban taɓa jin kukumar nan haka ba, ni da na tsufa a gefenta. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Can masu gogen suka shigo a ƙarƙashinsa a hankali, sauran suka biyo, aka tafi tare har aka dire.

Tafin da kuke tambaya, e, a tsaye aka yi shi, kuma ya daɗe har Baba ya fara waige yana neman hanyar fita. A waje muka tarar da Hajiya tana ba wani ma'aikaci haƙuri, shi kuma yana ta dariya. "Pardon, habibi, kalas, na gama, ba zan ƙara ba." Da ta gan ni ta ce, "Malam Lawandi, jelar ce ta kwance." Tsohuwar Balarabiyar ta aiko jikarta ta ce a gaya wa Baba ya tuna mata da kakanta. Mai Sanda kuma ya ce in Allah ya sake haɗa su, zai rubuta guɗar a cikin takarda don kada a manta da ita.

Sauran kwanakin yawo muka yi da sayayya. Nasiru ya kai mu muka hango inda yake aiki, kwantenoni jere iya ganinka. Muka ci tuwon sallama a Hor Al Anz, aka cika mana jaka da saƙon mutane, muka kamo hanya. Baba bai ta da maganar wasan ba, ni ma ban tayar ba.

Sai da muka sauka Kano muka shiga motar gida, gari ya fara ja baya, gonaki suka fito, sannan ya yi magana, idonsa yana kan taga.

"Lawandi."

"Na'am, Baba."

"Ranar gwajin nan, ba shirunsu ne kaɗai ya kore ni ba. Kaina na ji." Ya ɗaga hannun dama yana dubawa. "Tun yaushe yake haka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "An ɗan jima, Baba."

"Kai kake rufe shi da kalangu."

Na gyaɗa kai. Mota ta yi tafiya mai ɗan nisa. Sai na ji hannun nan a kan gwiwata, yana 'yar rawarsa.

Ya ce, "Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Amma daga yau ka sassauta. Mutanen da ba su san ni ba sun zauna sun ji shi yadda yake, ba wanda ya tashi. Bari na gida ma su ji."

Asabar ɗin da ta wuce muka yi biki a Roni. Da Baba ya zo ja mai tsawo, na ɗage hannuna daga kan kalangu.